Hannun Saude

Gusau,
6 ga Yuli, 1975.

Zuwa ga Gwaggo Delu, a Kucheri.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ki fita takaba lafiya. Ni ce Lantana, 'yar farin taubashinki na Karakkai, wadda aka kai riƙo Zariya tun tana shekara shida. Rabonki da ni tun bara, ranar sadakar bakwai ta Inna.

Mu nan lafiya lau, ni da maigidana Malam Bashiru, sai dai Baba. Fartanya ce ta sare shi a ƙafa farkon shuka, ya ɗaure da ganye ya ci gaba da aikinsa, har abin ya zama gyambo. Ƙanena Lawali ya kawo shi Gusau, yau kwana goma sha biyu. Kullum da safe ana kai shi asibiti a wanke, a yi masa allura. Likita ya ce magani ba zai kama ba sai jiki ya samu abinci, kuma in nama bai fara tsirowa ba kafin azumi, za su yanke ƙafar daga gwiwa.

To Gwaggo, Baba ba ya ci. Ni ke yi masa girki. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, na yi farfesun kaza, na yi miyar ɗanyar kuɓewa, na koma na yi tuwon dawa da miyar kuka irin wadda na iya. Yadda akushin ya tafi haka yake dawowa, ko malmala ɗaya ba a taɓa ba. Kin san ba ya yi mini magana kai tsaye, ko sunana bai taɓa faɗa ba. Sau ɗaya dai na ji shi ta taga, ya juya fuskarsa bango ya ce, "Miyar gida dabam take."

Tun ranar nake neman miyar Inna a cikin kaina, ban same ta ba. Abin da ya rage mini kaɗan ne. Ina ganin la'asar a Karakkai, hayaƙi yana tashi a hankali ta saman danga, kaji suna komawa akurki, Inna tana tsugune gaban murhu tana murza maburgi tsakanin tafukanta. Akwai wani ƙamshi da yake kama gefen zaninta, in na kwantar da kaina a cinyarta nakan ji shi. Ban san sunansa ba. Aka ɗauke ni kafin in kai tambaya, da na girma kuma makaranta ta cinye ni, ina cewa akwai lokaci.

An ce gida ɗaya kuka tashi da ita a Bungudu, hannu ɗaya ya koya muku girki. Don Allah ki rubuto mini yadda take yi, kada ki bar komai. Ki ba Dalhatu direba, yana tsayawa tasha kusa da mu.

Taki,
Lantana.

*

Kucheri,
14 ga Yuli.

Ɗiyata Lantana,

Salamu alaikum. Takardarki ta iske ni lafiya. Da hannuna nake rubuta wannan, ajin yaƙi da jahilci na yi damina biyu, in kin ga baƙi ya karkace ki daidaita shi da kanki. Takaba ta yi rabi. Zaman ɗaki ba daɗi, amma ya sa na tuna abubuwan da na daɗe da mancewa.

Ɗanjuma ke nan! Tun muna yara haka yake, ƙaya ta soke shi sai ta ruɓe kafin ya faɗa. Ki ce masa Delu ta ce in anka yanke ƙafar ya aiko mini da takalmin, ina da amfani da shi. Na san dai gidan Alhaji Bala mai fata ya sauka, inda mutanen Karakkai ke sauka, a gaishe da matan gidan.

Ga miyar uwarki Saude. Tukunyar ƙasa za ki samu, tsohuwa wadda ta sha miya, ba sabuwa ba. Daddawa iri biyu take haɗawa, ta kalwa da ta batso, wato wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, ita kaɗan, kamar kan babban yatsa. Ƙamshin da kike ji a zaninta shi ne wannan. Ki daka su da barkono da citta da busasshen kifi, ki daka har taɓarya ta daina ƙara. Ba ta sa kanwa. Tokar karan gero take zubawa cikin tsohuwar ƙwarya mai huda, ta ɗiga ruwa, abin da ya tsatso ta zuba ludayi guda. Ki bar ruwan miya ya tafasa ya gaji. Sannan ki janye itace, ki riƙa barbaɗa kuka da hagu kina burgawa da dama. Man shanu sai an sauke.

Kakarmu ce ta koya mana, a gidan da ke kallon gulbi. Da yamma in ruwa ya janye, mukan sauka da ƙwarya mu kama ƙananan kifi a cikin kududdufai, rana tana jan ruwan ja. Saude ba ta iya kamu ba, sai ta tsaya tsakiyar ruwa tana kallon balbela har su wuce. A gaban tukunya ma haka take, ido na wani wuri, hannu na aikinsa shi kaɗai. Kuma miyarta ta fi tawa. Shekara hamsin ina jin haushin wannan, yau na faɗa.

Daddawa na aiko, kukar da na shanya a inuwa na aiko, toka ma ga ta nan cikin tsumma. Hannu ne kawai ba a aikowa da shi cikin mota.

Allah ya ba shi lafiya.
Gwaggonki Delu.

*

Gusau,
23 ga Yuli, 1975.

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Saƙo ya iso, tun kafin in kwance ƙullin gidan ya cika da Karakkai. Na zauna a bakin ƙofar madafa na yi kuka, ba na ɓoye miki ba.

Na yi duk yadda kika ce. Tukunyar na aro wurin wata tsohuwa a bayan layinmu. Na daka har tafin hannuna ya yi kanta. Da miyar ta haɗu, ni kaina na san na kusa, don maƙwabciyata Naomi ta leƙo ta katanga tana tambaya wace baƙuwa muka yi daga ƙauye.

Baba ba gidan Alhaji Bala yake ba. Malam ya ce ba zai yiwu ubana ya zo garin nan ya kwana gidan wani ba, muna da ɗaki. Gwaggo, ban san yadda zan gode wa mutumin nan ba. A barikin ma'aikatan jirgin ƙasa ya tashi, mahaifinsa ya rasu yana goye, ya ce sai yanzu Allah ya ba shi uba. Shi ke goya Baba a babur zuwa asibiti. Lokacin cin abinci yakan baro ofis ya dawo, ya karɓi akushin a hannuna ya kai da kansa, ya zuba masa ruwan wanke hannu, ya zauna gabansa a tabarma ɗaya yana lallashi. "Baba, ko loma ɗaya. Baba, dubi yadda na yanko maka mai laushi." Wani lokaci har awa guda.

Ranar miyar Inna, Malam ya ce da ya buɗe faifan sai Baba ya rufe ido, ya daɗe a haka, yana shaƙar ƙamshin. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Kwana shida ke nan ina yin ta, kwana shida tana dawowa. Abin da ke riƙe da shi goro ne, sai 'yar furar da wata Bafillatana take dama masa a ƙofar asibiti, in Malam ya shiga karɓo kati. Ita ma ba ta wuce ludayi biyu, da ya hango Malam sai ya ture ƙwaryar. Rigarsa ta yi masa yawa. Likita ya duba jiya, ya girgiza kai.

Shekaranjiya bayan azahar na jingina da bangon madafa, tukunya na kan wuta, sai gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ga Inna. Tana sanye da baƙin zaninta na saƙi, tana kwashe tuwo da mara. Na ce Inna me na rage? Ba ta dube ni ba. Ta rufe akushi, ta ɗauka, ta ajiye a bakin ƙofar Baba, ta saki asabari, ta yi tafiyarta bayan rumbu tana kiran kaji. Na bi ta ina tambaya, ita kuwa sai watsa tsaba take yi. Na farka miya tana neman kamawa.

Me na rage, Gwaggo? Ko kifin ne ba na gulbin Bungudu ba?

Lantana.

*

Gusau,
9 ga Agusta, 1975.

Gwaggo, ina gaisuwa.

Kwana goma sha bakwai ban ji daga gare ki ba. Kullum in na ji ƙugin mota sai in aika a duba tasha. Baba yanzu sai an tallafe shi yake hawa babur. An sa ranar yanke ƙafar, Litinin ta farkon watan gobe.

Na sake karanta takardarki har ta fara yagewa a ninki, kuma na gane abin da kika faɗa mini a ƙarshe, wanda na ƙi ganewa da farko. Kin ce hannu ba a aikowa da shi. Gaskiya ne. Ni ba a Karakkai na tashi ba, hannuna alli ya sani da biro. Wataƙila shi ya sa kika yi shiru, kina jin nauyin ki ce mini in haƙura. Na ji zafin maganar, ba zan yi miki ƙarya ba, amma ban ga laifinki ba.

Daddawar batso ta ƙare, tokar ma haka, tsohuwa ta karɓi tukunyarta. Ba sai kin sake wahalar aikowa ba. Ki sa mu a addu'a kawai.

Lantana.

*

Kucheri,
13 ga Agusta.

Lantana,

Gaisuwa a taƙaice, yau ba ni da lokacinta. Takardunki biyu tare sunka zo jiya. Motar Dalhatu ta lalace gindin dutsen Kwatarkwashi, ta yi mako biyu da wani abu, takardarki ta 23 ga Yuli tana cikin aljihun ƙofa tana shan ruwan sama. Na karanta ta na tashi tsaye, na zauna, na sake tashi. Da ba takaba ba, wallahi da yanzu ina ƙofar gidanku da muciya a hannu.

Hannuna nake nufi, ke! Nawa, wannan da ke rubutu. Cewa na yi da ana aiko hannu da na aiko nawa ya taya ki daka. Wane ne ya yi maganar naki?

Yanzu ki saurara. Ba miya ba ce. Ba kifi ba ne, ba gulbi ba ne. Kun ɗauki mutumin Karakkai, wanda ya haura sittin, kun ajiye shi gidan surukinsa, mijin ɗiyarsa ta fari. Hatsin suruki, itacen suruki. Wannan bai isa ba, sai surukin ya zo ya naɗe ƙafa gabansa yana ƙirga masa loma! Ɗiyata, ubanki zai ba da ƙafa biyu da hannu ɗaya kafin ya buɗe baki ya tauna abinci a gaban Bashiru. Ubana ya taɓa kwana biyu da yunwa a gidan biki don mijin yayata na zaune a zauren. Na san kin san ana kunyar suruki, kin dai zaci ciwo na ɗauke ta. Ba ya ɗaukewa. Kuma wa zai gaya wa? Ke da ba ya iya duban idonki, ko shi yaron da ke yi masa alheri? Sai ya laƙa wa miya laifi, don ita ba ta jin ciwo.

Ba ki lura ba? Hura ta shiga, don ba idon kowa. Uwarki ma ta zo har madafarki ta nuna miki, kina bin ta da tambayar kifi.

Ni ma da laifina. Na ɗauka gidan Alhaji Bala yake, ban tambaya ba, na zauna ina ba ki labarin balbela.

Ga abin da za ku yi, kada ku ƙara kada ku rage. Bashiru ya hau babur ɗinsa ya tafi Karakkai, Lawali ya buɗe rumbun Ɗanjuma ya ɗebo dawa, a zubo ta cikin buhun gidan, wanda zai gani ya shaida. A jingine buhun inda idonsa zai faɗa kai. Kada kowa ya yi masa bayani. Ki tsaya tsakar gida ki gaya wa maƙwabciyarki da ƙarfi cewa Lawali ya aiko da dawar gida. In kin gama tuwo ki ajiye bakin ƙofa, ki saki labule, ki ɓace. Bashiru kuwa, daga azahar zuwa la'asar, da magariba zuwa isha, kada a ji ko tarinsa a gidan. Ya tada babur da ƙara don a san ya fita. Ki gaya masa Allah ya yi masa albarka, ɗa ne na gari, amma ya ja da baya lokacin cin abinci.

In akushi ya fito, kada ki yi murna a fili, kada ki ce sannu. Ki ɗauka kamar kullum haka yake fitowa.

Wannan takarda ba Dalhatu zan ba ba, wata mai kai man shanu Gusau za ta sa miki ita a hannu gobe.

Delu.

*

Gusau,
31 ga Agusta, 1975.

Zuwa ga Gwaggona,

Bayan gaisuwa da ban girma, da neman gafara kan takardata ta baya. Ina fatan kina lafiya, an ce saura kwana kaɗan ki fita. Mu nan sai godiya.

Na karanta wa Malam takardarki a madafa, murya ƙasa ƙasa. Da na kai wurin ƙirga loma sai ya dafe kansa. Sannan ya ce, "Ashe ni ne ciwon." Na ga hawaye a idonsa. Washegari tun da sassafe ya kama hanyar Bungudu cikin yayyafi, ya dawo da hantsi jiƙe sharkaf, da buhu ɗaure a bayan babur. Buhun yana da faci na baƙin saƙi a gindinsa. Ɗinkin Inna ne, daga tsohon zaninta ta yanka.

Muka jingine shi jikin turmi, daidai ƙofar Baba. Na kira Naomi ta katanga na ce, "Kin ga Lawali ya aiko da dawar gida!" Ita kuwa da na riga na gaya mata, sai ta ɗaga murya har layin baya suka ji, "Kai, wannan dawa ta Karakkai ce, ba irin ta kasuwa ba!" Na kusa yin dariya. Na saci kallon ƙofa, na ga gefen labule ya ɗan motsa.

Na surfa, na wanke, na kai niƙa, na tuƙa. Sai da na zo miya na tuna ba batso, ba toka, ba tukunyar ƙasa. Na yi irin wadda na iya kawai, a tukunyata ta ƙarfe, da daddawar kasuwa da 'yar kanwa, wadda na yi masa tun makon farko ya mayar. Malam ya tada babur, ya yi ta murza shi a ƙofar gida kamar mai shirin zuwa Sakkwato, alhali gindin mangwaron tasha zai je ya zauna. Na ajiye akushi da ruwan wanke hannu, na saki labule, na koma bayan madafa na zauna a kan wani turmi da na kife.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Hadari ya taso ta gabas ya tsaya bai zubo ba, garin ya yi lumshi, hayaƙin murhu yana bin ƙasa. Wata kaza ta Naomi ta tsallako da 'ya'yanta tana tsintar dusa a gabana. Sai na ji kamar ina Karakkai, ina shekara shida, kamar in na waiwaya zan ga Inna tana kakkaɓe faifai. Ban waiwaya ba, don kada in ga ba ta nan.

Can na ji ƙarar ruwa a kwano. Sannan na ji wani ɗan sauti da ban taɓa sanin zan yi kuka a kansa ba, yatsa yana sharce gefen akushi.

Da na zagayo, akushin yana waje, an rufe shi da faifai. Na ɗauka, ba nauyi. Na yi yadda kika ce, ban ce uffan ba, na juya zan tafi. Kazar nan ta biyo ni har bakin ƙofar, sai na ji Baba daga ciki yana yi mata magana, a hankali, kamar mai ba ta labari.

"Ke kaza," ya ce, "ashe marigayiya ba ta tahi da hannunta ba. Ta bar shi nan gidanga."

Gwaggo, ban san yadda na kai madafa ba. Shekarata ashirin da bakwai, wannan ce magana ta farko da ubana ya yi mini, kuma ta bakin kaza ta biyo. Ta ishe ni.

Yau kwana goma sha shida yana ci, rana da dare, da safe kuma ɗumame. Jiya likita ya kwance ƙafar, ya kira mu mu gani, jan nama ya taso ta gefe ta gefe. Ya soke ranar Litinin. Malam har ya saba da gindin mangwaro, ya yi abokai, ya ce masu facin taya sun fara ajiye masa benci. Da safe in zai goya Baba, sukan gaisa kowa na kallon ƙasa, amma jiya na ga Baba ya dafa kafaɗarsa a kan babur, da can kuwa ƙarfen baya yake riƙewa.

Na sa Naomi ta faɗi saƙonki na takalmi ta katanga. Baba ya gaya wa bango cewa a shaida wa tsohuwar Kucheri takalmansa biyu yana nan yana sawa, kuma da su zai zo ya ci tuwon fitar takabarta, in ta iya miya.

Ki aiko da daddawar, Gwaggo, ta kalwa da ta batso, da yawa. Yanzu akwai mai ci.

Taki har kullum,
Lantana.